Bawana Ne, Ko Na'ura Ta Ƙi

Tun da aka ɗora wa na'ura tantance saƙonnin waya, duk kalmar da ta ja wa jan layi sai mutum ya je rumfar gyara ya yi bayani. Tanimu mai faci zuwansa na uku ke nan, kuma daga na uku rufe layi ake yi.

Allo ya nuna laifinsa ɓaro-ɓaro: "bawana".

"Malam, danna nan, ka ce zagi ne ka tuba," in ji ma'aikaciyar rumfar. "Daga bakinku take koyo."

"Haba Hajiya! Sallau fa taubashina ne, ɗan goggona. Tun muna yawo ba wando nake ce masa bawana. In na danna, gobe duk taubasan garin nan sun zama masu laifi ke nan?"

Ya karkata hula, ya matsa jikin allon. "Ke, rubuta: wasa ne, gadonsa na yi."

Allon ya ɗan yi jim, sannan ya nemi sunayen sauran taubasansa, su ma a tuhume su.

Tanimu ya tuntsure da dariya. "Rufe layin, Hajiya. Gidan bawan nan ko da ƙafa na san hanya."