Baƙuwar da Ke Jifan Kaɗanya

Barira, jikata, rufe littafin nan ki share idonki. Na ji abin da kika faɗa wa mahaifiyarki a tsakar gida, cewa kin gwada kanki da tsofaffin tambayoyin jarrabawar shiga karatun lauya, lokaci ya ƙare ba ki kai rabi ba, don haka kin haƙura, ba za ki je ki zauna ba. Matso kusa. Akwai abin da na gani a zamanin yawona, ina so in ba ki shi kafin shi ma ya sulale daga kaina kamar sauran.

A wani ƙauye ne, kudu da Zariya, ko kuwa ta wajen Kwantagora. Sunan ya ɓace mini, abin da na riƙe shi ne jar ƙasa da itatuwan kaɗanya. A can, in damina ta sauka, mata kan fita tsintar kaɗanya da sassafe kafin a saki shanu, domin in garke ya ratsa ƙarƙashin itatuwa, abin da bai ci ba zai tattake. Da hantsi kowace sai ta kai abin da ta samo gidan wata tsohuwa, a auna da ƙwarya guda. Wadda ta cika ƙwaryar tana da rabo a man da za a yi tare. Wadda ba ta cika ba ta koma da ƙwallayenta.

To, akwai wata baƙuwa da mijinta ya rasu, ta dawo wurin dangin uwarta da yara biyu. Inda ta tashi babu kaɗanya. Tana son rabo a man nan, don miyarta da kuma kaushin ƙafar yaranta. Mace ce mai himma, kullum ita ke riga kowa fita. Da ta ɗaga kai ta hangi manyan 'ya'ya can a ƙololuwa, sai ta ce a ranta, lallai abin da ya fi wuyar samu shi ya fi daraja. Ta sami sanda ta yi ta jifa. Sanda ta maƙale, ta nemo wata. Kafin ɗaya ya faɗo, kafaɗarta ta yi tsami. Na ƙasa kuwa, in ta ɗauki ɗaya ta ga tabo ko ɗan huji, sai ta mayar, tana tsoron kada a ga ruɓaɓɓe a cikin nata a rage mata. Haka za ta yi har ta jiyo kukan shanu. Sai ta dubi kwandonta, ta ga ko gindinsa bai rufe ba, kunya ta kama ta, ta bi ta bayan gari ta shige gida. Ba ta taɓa zuwa wurin awo ba. Ta fara cewa ita dai Allah bai yi ta da hannun wannan aiki ba.

Tsohuwar nan ta lura akwai kwandon da ke fita daji ba ya zuwa gidanta. Ta dogara sandarta ta je ta sami baƙuwar, ta ce, "'Yata, gobe kada ki je daji. Zo ki taya ni zama." Baƙuwa ta je ta zauna a gefen tabarma tana kallo. Ta ga ana zuba manya da ƙanana tare, ba wanda ake tambaya daga ina ya faɗo. Ta ga tsohuwa ta tsamo wani ruɓaɓɓe ta wurgar bayan danga, ba ta ko ɗaga kai ta ga na wace ce ba, ba ta kuma cire lafiyayye ko ɗaya a madadinsa ba. Ta ga masu tabo da yawa, irin waɗanda take mayarwa, an fasa an tarar cikinsu garau. Tsohuwa ta dafa mata kafaɗar da ke ciwo, ta ce, "Ƙwarya ba ta da kunne, 'yata. Ba ta jin labarin wahala." Washegari baƙuwa ta sunkuya. A gindin itacen da ta saba jifa, inda sawunta ya yi yawa, a nan ta cika kwandonta tun shanu na ɗaure. Sai da ta gama, da sauran lokaci, sannan ta ɗauki sanda ta nemi na sama.

Na ga yadda kike karatun nan, Barira. Tambaya ɗaya mai tauri kan riƙe ki kamar ta ci miki mutunci, wadda kike shakka kuma sai ki bar ta fayau. Na tambayi maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma, mai koyarwa, yadda ake awon wannan jarrabawa. Ya ce kowace tambaya makinta ɗaya da 'yar'uwarta, mai wuya da mai sauƙi, kuma wadda aka kuskure ba ta cin wadda aka dace. In dai na riƙe maganarsa daidai ke nan. Ki je da kanki ki sake tambayarsa, kada ki dogara da kan tsoho. Amma kafin ki yanke wa kanki hukunci, ke da kike son ki tsaya gaban alƙali wata rana, ki fara zama a gefen tabarma ki ga yadda ake awo. Baƙuwar nan ba raguwa ba ce, ba kuma kaɗanya ce ta ƙi ta ba. Hausawa sun riga sun faɗa: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.