Zaiba a Ɗakin Maman Rifkatu

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, dangin maƙwabciyarmu Maman Rifkatu suka matsa mata ta bar Jibiya ta koma gida. Nas ce, Kirista, mijinta yana aiki a bakin boda. Da la'asar ni da Inna muka shiga taya ta ɗaure kaya. Tana naɗe zannuwa sai ma'aunin zafin jiki ya suɓuto ya fashe a siminti, zaibar cikinsa ta watse tana ƙyalli.

Inna ta ɗauko tsintsiya.

Maman Rifkatu ta ce, "A'a Hajiya, kar ki share, ƙara watsewa za ta yi. Guba ce. Buɗe taga, yarinyar nan kuma ta fita."

Daga bakin ƙofa nake kallonsu. Sun sa hannu cikin leda sun durƙusa, suna tura ɗigon zaibar cikin kwalba da guntun kwali.

Da aka rufe kwalbar, Inna ta ce, "Yanzu ƙofar wa zan buga in ɗiyata ta yi zazzaɓi?"

Maman Rifkatu ta goge hawaye da kafaɗarta.

Har Inna ta rasu tana tambayar direbobin tasha labarinta. Ni ma ban daina ba.