Jiƙaƙƙen Rufi

Bokiti na ƙarshe Bakanike ya hau tsani da shi, famfo ya tsaya. Ya sauko ya murɗa, ya sake murɗawa, ya buga shi da sifana. Ko ɗigo. Rana kuwa ta kusa faɗuwa, kuma da zarar ta faɗi jami'a za ta fara wasan tartsatsin wuta na bikin yaye ɗalibai.

Katanga ɗaya ce tsakanin filin jami'ar da ɗakin bayan gidansa, kwanon ɗakin kuma duk ya huhhuje. Bara wani guntun wuta ya faɗo kan shanyar telar da ke maƙwabtaka da shi, ya cinye mata zanen gado. Unguwa ta yi dariya ta manta, Bakanike ne kaɗai abin ya hana barci.

Zarya kam ya yi ta. Ya je wurin shugaban masu gadin jami'ar, aka ce ya ga kwamitin biki. Kwamiti suka ba shi kujera da ruwan sanyi, suka ce ƙwararru aka ɗauko. Ya roƙe su har muryarsa ta dushe, ko su matsa can tsakiyar fili. Suka raka shi bakin ƙofa da murmushi.

Jami'in kwana-kwana ne kawai ya tausaya masa.

"Malam, tunda hankalinka ya tashi haka, bari in turo yarana su duba gidan ciki da waje."

"A'a, ranka ya daɗe, kada in wahalar da ku," in ji Bakanike, ya yi sallama da sauri.

A unguwa kuwa yabo yake sha. Mutum ne mai tsoron wuta, kowa ya shaida. Ya bar shan taba dare ɗaya. Ya tashi matarsa daga girki a tsakar gida ya mayar da ita can bakin ƙofa, ta yi ta mita. In ta yi ƙorafin wari, ya ce kayan aikinsa ne, me take so bakanike ya yi, ƙamshin turare? Yau da safe ya tura ta gidan yayarta da 'yan biyunsu.

Da ya ga ruwa ya ƙare, sai ya shiga bin gidaje.

"Don Allah ku kwashe yara ku bar layin nan, yau kaɗai!"

"Haba Baban 'Yan Biyu, mu bar kallo kyauta?" in ji mai shago. "Kai dai da za ka samu, rana ma kashe ta za ka yi."

Tela ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dube shi sharkaf da gumi, ta dubi jiƙaƙƙun buhunan da ya shimfiɗe rufinsa da su, ta gyaɗa kai.

Ya koma kan rufin ɗakin baya da jiƙaƙƙen bargo a hannu. Wutar wasan ta farko ta tashi da feɗuwa ta fashe, sama ta yi ja. Ɗalibai suka ɗauki ihu. Iska kuma, kamar da gayya, ta juyo wajensa. Guntayen wuta suka fara saukowa a hankali. Ya make ɗaya, ya take wani da ƙafa. Buhunan sun fara bushewa, yana jin su a tafin ƙafarsa. Tsoro irin wannan bai taɓa jin sa ba.

Sai ya ji tafi da dariya a ƙarƙashinsa. Ya leƙa.

Yaran layin ne gaba ɗaya a tsakar gidansa, zaune a jere, sun jingina da ƙofar ɗakin baya, kawuna a sama. Tela na tsaye a kansu da jaririn wata maƙwabciya a kafaɗa.

"Maganarka ta shige ni, maƙwabci!" ta ɗaga murya. "Na duba duk layin, babu gidan da aka tsare kamar naka. Shi ya sa na tattaro su nan."

Ya buɗe baki, ƙara ta gaba ta haɗiye muryarsa. Wani jan tartsatsi ya gifta ta gefen bargon, ya sauka tsakanin buhu da buhu, ya zurma ta hujin kwano, cikin ɗakin da ya cika har rufi da jarkokin fetur ɗin da yake sayarwa a ɓoye.