Caji a Garin Marke

Tun da aka kafa dokar matafiya, wutar lantarkin duk ƙauyen da ke bakin titi ta motoci ce tukuna, abin da ya rage shi ne na 'yan gari. Tanimu ya san haka, shi ya sa ya so ya wuce Garin Marke, mahaifarsa, ba tare da ya tsaya ba. Amma motarsa mai aiki da lantarki ta ce batirinta ba zai kai Gusau ba, ta karya kwana da kanta zuwa wurin caji.

Yana jona wa motar wayar caji injin niƙa ya yi shiru, famfon burtsatse ya ɗauke. Matan da ke layin ruwa suka juyo gaba ɗaya. A cikinsu har da Gwaggo Kande, wadda ta goye shi yana yaro, bokitinta ko rabi bai kai ba.

Ya je ya durƙusa. "Gwaggo, bari in cire."

"Ka cire hukuma ta yanke mana wutar ɗungurungum? Bar ta ta ƙoshi, ɗan nan." Ta daɗe tana kallon motar, sannan ta ce, "Ashe ita ta kawo ka. Ni na zaci kai ka zo."