Faranti Na Biyu

An ce ƙanwata na kashe mijinta da yunwa tun da likita ya gano kitse ya toshe masa jijiyoyi. Ni ban yarda da "an ce" ba. Na je da kaina.

Ta ajiye masa dafaffen ganye da kifi, ba ɗigon mai. Ya maka mata farantin a baki, leɓe ya fashe, jini ya gangaro.

"An ce miki ni akuya ne?"

Ta goge, ta kawo soyayyen nama yana iyo cikin mai. "Ci, maigida. Ƙara."

A ƙofa ta ce min, "Yaya, kullum sai na fara ba shi na likita."

Kashe shi take yi, amma ba da yunwa ba.