Ƙafar Iya a Cikin Leda

Ranar da likita ya ce idan gyambon bai kame ba nan da wata biyu sai an yanke ƙafar, Iya ta ɗauki sandarta ta bar masa ofishin. Ciwon suga ne ya kama mata ɗan yatsa yana haurowa, amma ta rantse ita da allura da wankin ciwo har abada. Ɗanta Bilyaminu ya yi lallashi har yawunsa ya ƙafe. Iya kuwa in ta kafe, gara ka roƙi dutse.

Abu ɗaya take so, ozon. A gidan biki ta ji labarinsa wajen wata hajiya da aka yi wa a ƙasar waje. Wai ƙafar ake zurawa cikin leda, a ɗaure bakin, inji ya hura wata iska mai kashe ƙwayar cuta, shi ke nan.

"Ko a kawo min iskar nan, ko a bar ni da ƙafata mu shiga kabari tare," in ji ta.

Bayan kwana huɗu sai ga Bilyaminu rungume da wani ɗan inji shuɗi. Maƙwabcinsu George na biye da shi riƙe da siririn tiyo, fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa. Iya ta rangaɗa guɗar da sai da rabin mutanen unguwar Manawashi suka leƙo.

Debby, nas ɗin da ke bayan layinsu, ita aka damƙa wa aikin. Ta zo da sharaɗi.

"Iya, iskar nan ba ta shiga jini mai zaƙi. Sai na auna suga, na yi miki allura, na wanke wurin tas, sannan za ta kama."

Matar da ta kori nas uku da tsintsiya, ita ce ta naɗe hannun riga da kanta.

Kowace safiya sai a ɗaure ledar a ƙwaurinta, injin ya kama ɗan gurnaninsa, leda ta kumbura tim. Wani ƙarni-ƙarni yakan biyo iskar. Iya ta lumshe ido ta shaƙa, ta ce ai maganin gaske ba ya ƙamshi. Ta bar shayi mai suga, ta bar lemon kwalba, don kada ta yi asarar iska mai tsada. Daɗi kamar ya kashe ta, har waƙa take wa injin, ta kuma ɗinka masa 'yar riga saboda ƙura.

George kuwa kullum yana bakin ƙofa da kwanon tarwaɗa, yau farfesu, gobe banda.

"Iya, ya jiki? Saura kwana nawa a gama?"

Iya ta ce ba ta taɓa ganin yaron kirki irinsa ba. Dubi yadda ciwonta ke ramar da shi, alhali ɗan cikinta sai ƙiba yake.

A sati na shida likita ya kwance bandejin, ya duba, ya sake dubawa, ya ce ƙafa ta tsira. Iya ta taka rawa a barandar asibiti, sanda a sama. Mai Keke Napep ɗin da ya dawo da ita ya sha labarin ozon har ya wuce kwanarsu.

Kafin la'asar ta tara ƙawaye uku: mai ciwon gwiwa, mai ciwon baya, da wadda ba abin da ke damunta sai dai ba ta son a bar ta a baya. Kowacce da ledarta. Iya ta ɗaga labule da alfahari, sai ta ga kujerar da ake ɗora injin wayam.

Bilyaminu ya sulale masallaci tun ba a kira salla ba. Wayar Debby a kashe.

Can sai ta jiyo gurnanin nan da ta sani, ta bayan katanga. Ta zabura da ƙafar da aka ce za a yanke, ƙawaye na binta da ledoji, ta banke ƙofar gidan George.

Yana durƙushe a bakin tankin kiwon kifinsa, injin na sanye da 'yar rigarsa, tiyon na cikin ruwa yana ta ɓulɓulo da kumfa.

"Iya, ki yi haƙuri, aro ne," in ji George. "Sati shida ke nan tarwaɗata ba su da iska, waɗanda suka mutu kuma ke kika cinye su."