Badukun da Bai Taɓa Auna Ƙafar Yaro Ba

Dakta Tasi'u ya kawo wa Farfesa Ladidi littafin da ya tsara don horar da malaman 'yan nazare. Ta karanta shi tsaf, sannan ta tambaye shi sau nawa ya zauna a ajin 'yan shekara uku da huɗu kafin ya rubuta. Ya ce bai samu shiga ba, amma ya ɗauko manhajar firamare ya rage mata nauyi, kuma ɗalibai ɗari biyu na jiran littafin a zangon nan, sa hannunta kawai ya rage. Dattijuwar ta cire tabarau ta ajiye, ta ce, "Zauna, Dakta. Ka san ni ba ni da saurin sa hannu. Bari in ba ka wani misali." Ga abin da ta faɗa masa.

An yi wani baduku, gwani na gaske. In ya ɗinka maka takalmi sau-ciki, sai ka shekara biyar ba ka nemi wani ba. Manya da kansa yake auna musu ƙafa, ya zana a kwali, ya yanke. Da aka fara kawo masa aikin yara, sai ya ga ai raini ne mutum kamarsa ya tsuguna gaban ɗan tatata yana lallashi. Me ke cikin ƙafar yaro? Ba ta babba ce aka rage ba? Sai ya ɗauki kwalin manya ya rage tsawo, ya rage faɗi daidai wa daida. Takalma suka fito gwanin sha'awa, iyaye suka yi ta saye. Yaran ne dai suka ƙi. A sa wa yaro, a juya baya, ya tuɓe ya yar. In uwa ta kawo ƙorafi, sai baduku ya ce, "Sabo ne, zai saki. Yaro dama ba ya son takalmi sai an tilasta masa." Haka ya faɗa wa iyaye, haka ya faɗa wa masu koyon sana'a a rumfarsa. Duk wanda ya yaye, sai ya yanka masa irin kwalin nan, ya haɗa masa da basilla, ya sa masa albarka. Cikin shekara talatin ya yaye mutum fiye da arba'in, kowa ya kama garinsa.

Bayan ya tsufa, ya ɗinka wa wata jikarsa 'yar shekara uku takalmin salla, da jar fata mai laushi, don yarinyar ce hasken idonsa. Ranar salla ta cire ta cusa a bayan randa. Uwarta ta sa mata, ta sake cirewa, sai uwar ta kai mata tsumagiya, tana cewa wannan 'ya ba ta da godiya. Tsoho yana zaune yana ji, bai hana ba, don maganarsa ce ake aikatawa. Washegari aka yi wa yarinyar wanka, ta fito da gudu ta taka daɓen siminti, sawunta ya fito sarai. Allah ne kaɗai ya san abin da ya tsayar da idonsa a kan sawun nan. Ya ɗauko kwalinsa ya ɗora a kai. Dunduniya ta shige har da saura, amma yatsu sun baje sun fito ta gefe biyu, kamar an buɗe mafici. Ya jawo yarinyar ya duba ƙafarta, ga bororo ya fashe a ƙaramin yatsa, ga wani a babban. Shekara talatin yara na gaya masa da kuka, shi yana kiran abin taurin kai. Tsohon nan ya yi hawaye a tsakar gida, gaban surukarsa, uwar yarinyar.

Ya tara yaran unguwa ya tsuguna ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya yanka sabon kwali. Sannan ya ɗauki sanda ya shiga bin kasuwanni, yana neman waɗanda ya yaye don ya karɓe tsohon. Wani ya mutu, wani ya yi ƙaura, wani ya koya wa mutum goma, su ma sun watsu da kwalin har inda tsoho bai taɓa jin sunan garin ba. Wanda ya fi ƙauna a cikinsu ya tarbe shi da girmamawa, ya karɓi sabon kwali da hannu biyu, ya rataye a ƙusa, ya ci gaba da yanka da tsohon. Da tsoho ya yi magana, sai mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tsufa ne ya sa ka tausayi. Ai da bakinka ka gaya mana yaro ba ya son takalmi sai an tilasta masa." Har tsohon ya koma ga Allah, kwali uku kaɗai ya iya karɓowa.

Farfesa ta tura masa littafin, ta ce, "Abin nan yana ba ni tsoro, Dakta, ba zan ɓoye maka ba. Malamin aji in ya yi kuskure, ajinsa ya cuta. Mu da muke koyar da malamai, kuskurenmu haihuwa yake yi. Kuma ɗan shekara uku ba zai ce maka darasinka ne ya matse shi ba; kuka zai yi, a ce daƙiƙi ne, a dake shi. Je ka zauna a tabarma tare da su zango guda, ka auna da idonka, sannan ka dawo mu rubuta. Mutum ɗari biyun nan, in suka fita da abin da ka gaya musu, ko kai ba ka isa ka karɓe shi ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa."